Wata huɗu ban ga al'ada ba, an ce PCOS ne, Anti ya zan yi?

"Salam Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 22, na fara al'ada tun ina 13 kuma tun can bata taɓa zuwar min daidai ba, sai ta tsallake wata ɗaya ko biyu, amma yanzu wata huɗu kenan cur ban ga komai ba. Ga gashi yana fito min a haɓa, ga ƙuraje, ga ƙiba, wuyana ma ya yi baƙi duk dirzar da nake yi baya fita. Na je asibiti aka yi sikanin aka ce PCOS ne, likita ya rubuta min ƙwayar tsarin iyali, ni kuma tsoro ya hana ni sha dan mamata ta ce tana kashe mahaifa. Ƙawata kuma cewa ta yi in sayi wani magani a kemis da yake sauko da jini. Anti wai ina jinin nan yake taruwa ne? Kuma zan haihu kuwa?"

Wa'alaikis salam ƙanwata, sannu kinji, Allah ya yaye miki. Bari in fara da maganar taruwar jini dan na lura kusan duk wadda al'ada ta ɗauke wa nan hankalinta yake fara zuwa, wata ta ce ya hau mata kai shi yasa take ciwon kai, wata ta ce shi ne ya zama teɓa. Babu wani jini da ya taru a cikinki yana ruɓewa, sam. Yadda abin yake shi ne, duk wata ƙwaƙwalwa tana aika saƙo zuwa gidan ƙwai, su biyu ne dama da hagu, sai ƙwai da yawa su fara tasowa kowanne cikin 'yar jakarsa ta ruwa, a ƙarshe guda ɗaya ya fi sauran girma ya nuna ya fashe jakar ya fito. Gurbin da ya bari shi yake fitar da homon, wato sinadarin da jiki ke aika saƙo da shi, wanda ake kira furojestaron, in ciki bai shiga ba bayan kamar sati biyu sai homon ɗin ya sauka, shimfiɗar cikin mahaifa ta saki ta zubo, to wannan shimfiɗar ce jinin da kike gani. Kinga kenan in ƙwai bai fito ba babu mai ba mahaifa umarnin ta zubar, sai kawai a ji shiru.

Abin da ke faruwa a PCOS kenan, wato matsalar rikicewar homon da ke hana ƙwai fita kan lokaci, ƙwayayen suna tasowa amma sai su tsaya a hanya babu wanda ya nuna, su ne ƙananan baƙaƙen ɗigon da aka gani a jere a gefen gidan ƙwai lokacin sikanin ɗinki. Ba ƙari ba ne, ba abin da za a yanka a cire ba ne, dan na san da yawa in sun ji an ce an ga wani abu a sikanin sai tunanin tiyata ya zo musu. Kuma ba ke kaɗai ba ce wallahi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa suna da shi, kuma har kashi 70 cikin 100 nasu basu ma san suna da shi ba. Ba sabon abu ba ne kuma, tun 1935 wasu likitoci biyu a Amurka, Stein da Leventhal, suka rubuta shi. Yana bin dangi sosai, in kika bincika ƙila ki samu wata a cikin yayyenki ko ƙannen mama da al'adarta ke wasa, ko masu ciwon suga a gidan.

Sai dai akwai abin da ban gani ba a wasiƙarki kuma ya dame ni. Kin ce an yi sikanin aka ce PCOS, baki ce an ɗebi jini ba. Ƙa'idar da likitoci suke bi tun taron Rotterdam na 2003 ita ce sai an samu biyu cikin abubuwa uku, rashin daidaiton al'ada, alamar yawan homon ɗin maza a jiki ko a jini, da kuma hoton gidan ƙwai, kuma bayan haka sai an kore sauran abubuwan da ke iya ɗauke al'ada. Ke kam da abin da kika lissafa kin cika ukun ma, tunda kin yi shekara 9 da fara al'ada hotonki abin dubawa ne (yarinyar da bata kai shekara 8 da farawa ba ba a dogara da sikanin ɗinta, dan a wannan shekarun gidan ƙwan masu lafiya ma haka yake fitowa). Amma duk da haka ki koma ki ce a duba miki tayirod, wato ƙullin nan na maƙogwaro da in ya yi sanyin aiki ko ya yi yawa yake rikita al'ada, da furolaktin, homon ɗin da ke kawo ruwan nono, dan in ya hau shi ma yana tsayar da al'ada cak kuma maganinsa daban ne. Za su ce a yi gwajin ciki, kar ki ji haushi ko ki ga kamar zarginki ake, duk macen da al'adarta ta ɗauke da shi ake farawa, ka'idar aiki ce kawai.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne da kyau. Na ce jini baya taruwa, gaskiya ne, amma barin mahaifa wata da watanni ba ta zubar ba shi ma ba daidai ba ne, kuma dalilin daban ne da wanda mutane ke faɗa. Jikinki bai daina fitar da homon ɗin mata da ake kira istirojin ba, shi kuma aikinsa ƙara wa shimfiɗar mahaifa kauri, furojestaron da ya kamata ya taka masa burki kuma babu shi tunda ƙwai bai fita ba, sai ya zama kamar bangon da ake ta yi wa yaɓe kan yaɓe ba a taɓa kankarewa ba. Ranar da ya gaji ya ɓalle sai ki ga jini mai yawa da gudaji har kwana goma ko fiye, irin wanda ke sa mace jiri. In aka bar shi haka shekara da shekaru kuma kaurin yana iya rikiɗewa, shi yasa masu PCOS suka fi sauran mata haɗarin sankarar cikin mahaifa. Kar gabanki ya faɗi, a shekarunki abin ba kasafai yake faruwa ba kuma hana shi abu ne mai sauƙi, ƙa'idar dai ita ce kar ki bari kwana 90 su wuce baki ga jini ba sai kin je an duba. Ke kin riga kin wuce, dan haka zuwa asibitin nan ba na wata mai zuwa ba ne, cikin satin nan nake so.

Maganin da ƙawarki ta ce ki saya, ina kyautata zaton irin furojestin ɗin nan ne, wato maganin da ke yin aikin furojestaron, da ake sha kwana 10 zuwa 14, in an daina bayan 'yan kwanaki jini ya zo. Ba mugun magani ba ne, likitoci ma suna rubuta shi, wasu su ce a sha duk wata wasu duk wata uku dan dai a wanke shimfiɗar. Matsalata da shan sa da ka ita ce mace ta ga jini sai ta ce alhamdulillahi na warke, ta ajiye maganar, alhali ƙwai bai fita ba, suga ba a duba ba, ba a ma tabbatar ko PCOS ɗin ne ko wani abu ba, sai bayan wata uku a sake komawa kemis, a haka wasu suke cinye shekara biyar. Jinin da magani ya sauko da shi ba shaidar cewa komai ya daidaita ba ne. Sannan ban san takamaimai wanne take nufi ba, akwai masu sauko da jini da ba su da alaƙa da matsalarki ko kaɗan kuma suna iya jawo zubar jini mai haɗari. Ki bar likita ya zaɓa.

Sai maganar mama. Ki gaishe min da ita, tsoronta na uwa ne kuma ban ga laifinta ba, amma ƙwayar nan bata kashe mahaifa. A wajenki ma kare mahaifar take yi. Ƙwayar da ake rubuta wa masu PCOS tana ɗauke da homon biyu, tana hana shimfiɗar yin kauri, tana sa jini ya riƙa zuwa kan lokaci, tana kuma rage ƙarfin homon ɗin maza da ke kawo gashin da ƙurajen, shi yasa ita ce abin farko da ake ba wadda bata neman ciki yanzu, ko tana da aure ko babu. Sunan da ke jikin kwalin ne ke firgita mutane. Kinsan daga ina zancen kashe mahaifar ya samo asali a ganina? Mace mai irin matsalarki za ta sha ƙwayar shekara biyu al'ada na zuwa tsaf, ranar da ta daina sai al'adar ta koma gidan jiya ta ɗauke, ciki ya ƙi shiga da wuri, sai kowa ya ce ai ga abin da ƙwayar ta yi mata, an manta cewa dama saboda wannan matsalar aka bata tun farko. Ƙwayar tana riƙe abin ne muddin ana sha, bata warkar da shi, kuma bata ƙara shi.

Amma fa ba kowa take karɓa ba, wannan kam dole likita ya sani kafin ki fara. In kina ciwon ɓarin kai irin wanda kafin ya zo kike ganin walƙiya ko ido ya dushe, in kina da hawan jini, in ke ko wani na jikinki ya taɓa samun daskarewar jini a jijiyar ƙafa ko huhu, ko kina shan taba, ki faɗa masa ko da bai tambaya ba, kuma a auna miki hawan jini kafin a baki. Watanni biyu ukun farko kina iya jin tashin zuciya, nono ya yi ciwo, ko ɗan ɗigon jini a tsakiyar wata, yawanci yana lafawa. In kuma zuciyarki bata kwanta da ita ba ki faɗa masa kai tsaye, akwai furojestin ɗin da na ambata, akwai kuma 'yar robar homon da ake sawa a cikin mahaifa. Abin da bana so shi ne ki karɓi takarda ki ce to likita, ki zo gida ki cusa ta ƙarƙashin katifa.

Wuyan nan naki, dan Allah ki daina dirza, kuma kar ki kuskura ki shafa masa man bilicin. Ki shafa wajen da yatsa, za ki ji ya ɗan yi kauri da laushi sumul-sumul, ki duba hammata da matsematsi ƙila ki ga irinsa. Wannan ba dauɗa ba ce, insulin ne yake magana a fatarki. Insulin shi ne ke buɗe wa suga hanya ya bar jini ya shiga tsoka, to mafi yawan masu PCOS jikinsu baya jin maganarsa da wuri, sai jiki ya yi ta ƙaro shi ninki ba ninki, yawansa kuma shi ke tunzura gidan ƙwai ya fitar da homon ɗin maza fiye da kima, wannan ya hana ƙwai nuna, ya fito da gashi a haɓa, ya tara kitse a ciki, kitsen kuma ya ƙara taurin kan jiki ga insulin, haka abin yake ta zagayawa. Ni a wajena wannan ne gindin maganar, fiye ma da al'adar, dan shi ne ke kai wasu ga ciwon suga tun suna da ƙuruciya. Ki ce a miki gwajin suga mai kyau, wanda ake kwana ba a ci komai ba, da safe a ɗebi jini, a baki ruwan gulukos giram 75 ki shanye (zaƙinsa har ɗaukar rai yake, ki daure), ki zauna awa biyu ba yawo ba ciye-ciye a sake ɗiba. Ko ya fito lafiya ana maimaitawa duk shekara 1 zuwa 3. In likita ya ga da buƙata zai iya ƙara miki metfomin, maganin masu suga ne amma shan sa baya nufin kin kamu, ana farawa da kaɗan a sha tare da abinci dan satin farko yana iya sa ciki ya yi ta ƙugi ko a yi gudawa.

Ƙiba kuma, na san an ishe ki da ki rage ci ki rage ci kamar ke kika ɗora wa kanki, alhali da wannan matsalar saukar da kilo ɗaya ma aiki ne, kuma akwai sirara tas masu PCOS, dan haka ba hukuncin cin abinci ba ne. Abin da zai faranta miki shi ne ba sai kin rame ba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki ya isa ya sa wasu ƙwai ya fara fita al'ada ta dawo da kanta, wato in kina kilo 80 maganar kilo 4 zuwa 8 ake yi, a hankali cikin watanni. Babu wani tsarin cin abinci na musamman da aka tabbatar ya fi sauran ga PCOS, duk mai sayar miki da shayi ko garin da wai yake narkar da shi cikin sati biyu kuɗinki yake so. Ki fara da lemon kwalba da kayan zaƙi, su ne suka fi saurin harba suga, ki yawaita ganye da abinci mai gina jiki, kar ki riƙa wuni da yunwa da dare ki rama. Motsa jiki minti 150 a sati, minti 30 kenan sau biyar, tafiya mai sauri wadda za ki ɗan yi haki ta wadatar, in kin haɗa da abin da zai ƙarfafa tsoka sau biyu a sati ya fi, dan tsoka ita ke shanye suga. Ko sikeli bai motsa ba jikinki yana amfana, kar ki ce tunda kilo bai sauka ba kin fasa. Barci ma ki bashi haƙƙinsa.

Gashin haɓa sai haƙuri, kowane magani sai ya yi kamar wata 6 kafin ki ga bambanci dan wanda ya riga ya fito baya komawa, sababbin ne ke raguwa su yi laushi. Kafin nan ki cire abinki ta hanyar da ta miki, aski baya ƙara masa kauri, bakin gashin ne da aka yanke yake jin kaushi in ya tsiro. Akwai wani magani sifironolakton da ake ƙarawa in ƙwayar bata isa ba, amma shi ba a shan sa in akwai yiwuwar ɗaukar ciki dan yana iya taɓa jaririn.

To zan haihu kuwa. Haihuwa ta Allah ce, amma ta fuskar likitanci PCOS baya cikin masu rufe ƙofa, mafi yawan masu shi suna haihuwa, wasu ba tare da ko ƙwaya ɗaya ba, dan ƙwan yana nan da yawa ma, fitarsa ce ba ta da tsari. Wadda ta jima bata samu ba kuma akwai magungunan da ke sa ƙwai ya nuna, na farko yanzu shi ne letirozol, a 2014 an yi wani bincike a Amurka kan mata 750 masu PCOS inda kashi 27.5 cikin 100 na waɗanda suka sha shi suka haihu, masu shan Clomid, wani maganin da shi ma ke sa ƙwai ya nuna, kuma kashi 19.1, cikin 'yan watannin da aka yi ana gwajin kawai. Su ma ba na saye da ka ba ne, sai da sa idon likitan mata. Lokacin da kika tashi nema kar ki zauna jiran shekara ta cika kamar yadda ake ce wa masu al'ada daidai, ki je da wuri, a duba suga da hawan jini, ki fara folik asid tun kafin cikin ya shiga. Ɗaya gefen kuma da ake mantawa, rashin ganin al'ada ba tsarin iyali ba ne, ƙwai yana iya fita ba sallama ciki ya shiga mace bata sani ba sai ya yi wata uku tana cewa ai dama haka nake.

Baki yi maganar zuciyarki ba amma na ji ta a rubutun. Damuwa da ƙuncin rai sun fi yawa ga masu PCOS, ba raki ba ne, in kin ga kin daina jin daɗin komai, kina gudun mutane saboda fuskarki ko kuka ba dalili, shi ma ki faɗa wa likita, yana cikin abin da ake dubawa.

Akwai abubuwan da in kin gani ba a jira ranar ganin likita, jinin da ke jiƙa audugar mata duk awa ɗaya ko ya wuce sati bai tsaya ba, ciwon mara mai tsanani da ya zo farat ɗaya musamman a gefe guda, murya ta fara kauri ko gashi ya ƙaru da sauri cikin 'yan watanni, ruwan nono alhali ba shayarwa kike ba, ga kuma ciwon kai ko ido na dushewa, sannan in kin fara ƙwayar kika ji ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo ko numfashi na sarƙewa ki daina ki tafi asibiti a take.

Daga yau ki riƙa sa ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke a kalandar wayarki, ko ɗigo ne, dan abin da likita zai fara tambaya kenan kuma yawancinmu sai mu ce ina jin wajen tsakiyar wancan watan ne. In da hali ki tafi da mama wannan karon, ta yi tambayarta da bakinta ta ji amsa daga bakin likita, zai fi miki sauƙi a kan ki yi ta ja da ita a gida. In sakamakon tayirod da furolaktin da na suga ya fito ki sake rubuto min mu duba tare.